Kada Riba Ta Cinye Niyya

Darasi a kan ciniki da amana, domin 'yan'uwa na Dalijan da Gwandu da Kalgo, da dukan mai neman sani.

1. Ciniki iri biyu

Akwai cinikin da mutum ya kan kafa domin ya ciyad da iyalinsa. Wannan halal ne, ba laifi a cikinsa muddar mudun mai shi cikakke ne. Akwai kuma wanda a kan kafa domin a ɗauke wa jama'a wata wahala, kamar rumbun tsimi na gari, ko kantin magani mai sauƙin kuɗi, ko ƙungiyar manoma masu sayar da amfaninsu tare. A kan na biyun nan za mu yi magana, gama shi ne ya fi kyau a farkonsa, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa.

Kowa a ƙasar Gwandu ya san yadda shekara ta ke juyawa. Da kaka gero da dawa su kan yi arha, manomi ya kai nasa kasuwa domin biyan bashi da hidimar biki da tufafin yara. Sa'ad da damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma ya sayi hatsin nan da tsada, ko kuwa ya ci bashin da zai biya ninki in an yi girbi. To, a misalta mutum 20 na Dalijan sun ga wannan, tausayi ya kama su, suka haɗa kuɗi suka sayi buhu 100 da kaka, da nufin su sayar wa mabukata da rangwame a lokacin yunwa. A shekara ta fari suka cika alkawari, gwauraye da marayu suka sa musu albarka. A ta biyu wani ɗan kasuwa daga Jega ya taya buhu 30 da kuɗi mai kyau, suka ce, ai ribar ma ta ƙungiya ce, suka sallama masa. A ta uku ma'aji ya ba ƙanen matarsa buhu 5 bashi, ba a rubuta ba, gama kunya ta hana. A ta huɗu aka ce mudun sayarwa ya tsufa, aka sake shi da wani wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta. A ta biyar, ga rumbu ya fi dā girma, ga suna yana nan yadda ya ke, amma gwauruwar da aka kafa shi dominta ta koma cin bashin ninki.

Ka lura, ya kai mai karatu, cikin mutanen nan ba wanda ya tashi da safe ya ce, yau zan ci amana. Kowane taki da suka yi yana da hujja mai daɗin ji. Abin da darasin nan ya ke so ya koya maka ke nan: niyya mai kyau kamar shukar lambu ce, ba ta iya tsare kanta. In ba a yi mata shinge tun tana ƙarama ba, awakin gida ne za su cinye ta tun kafin ɓarawo ya zo.

2. Shaida daga Gwandu

Ba sai mun yi nisa ba kafin mu sami shaida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ya ke a Gwandu, ya ga irin wannan da idonsa. Shi da wansa Shehu Usmanu sun tashi a shekara ta 1804 suna kuka da zaluncin sarakuna, da ƙwace, da haraji marar kan gado. Ba a cika shekara huɗu ba ya duba ya ga da yawa cikin abokan tafiyarsu sun juya ga neman dukiya da sarauta da dawaki. Abin ya ɓata masa rai har wajen shekara ta 1807 ya rabu da runduna ya nufi gabas, da nufin ya tafi Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu. A nan ya rubuta musu littafin da a ke kira Liya'ul Hukkami, a kan yadda ya kamata masu mulki su riƙe jama'a, sa'an nan ya komo. Daga baya ya riƙe Gwandu har rasuwarsa a 1829.

Maganar mulki ce wannan, amma ciwon ɗaya ne da na kasuwa. Wadata ta fi tsanani wuyar ɗauka. Ka kuma lura da abin da malamin ya yi da baƙin cikinsa: ya sa ƙa'ida a rubuce, domin ya san zuciyar ɗan Adam mai mantuwa ce.

3. Rancen shinkafa a Kebbi

Ga kuma abin da ya faru a zamaninmu. Ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya buɗe shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka sani da sunan Anchor Borrowers. Nufinsa mai kyau ne. Ƙananan manoma za su haɗu ƙungiya ƙungiya, a ba su iri da taki da magani da kuɗin aiki. In sun yi girbi su kai shinkafa ga babban mai injin gyaranta wanda ya yi alkawarin saye, a cire bashi, su ɗauki saura. Noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun Kebbi. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar Kebbi a Ikko da sunan Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe babban injin shinkafa a Argungu.

Amma kuɗi mai yawa bai komo ba. Waɗansu manoma ambaliya ce ta cinye gonakinsu, balle ta shekarar 2020, waɗannan kuwa abin tausayi ne, ba abin zargi ba. Waɗansu suka ɗauki rance a kan rabonsu ne daga gwamnati. Waɗansu suka sayar da shinkafar a gefe ga wanda ya ƙara musu kuɗi kaɗan. An kuma yi ta kuka cewa sunayen waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun shiga takarda. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya daina karɓar sababbin masu neman irin wannan rance.

Wa ya yi hasara? Manomin da ya ke bayan layi, wanda da an biya, da kuɗin ya juyo gare shi. Dukiyar taimako kamar rijiyar gari ce. Wanda ya sha ya tafi da guga, maƙwabcinsa ya cuta, ba mai haƙa rijiyar ba. In kana cikin ƙungiya, ka sani tsare niyya ba aikin shugabanni kaɗai ba ne, mai karɓa ma yana da amana a wuyansa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma biya shi ke raba ɗan halal da macuci.

4. Kantin da ya ƙi sayar da barasa

Kakanninku fatake sun bi ta Jega zuwa Gwanja neman goro. A bakin teku na ƙasar nan, wadda a ke kira Gana yanzu, akwai labarin da ya shafe mu masu bi. Mishan na birnin Basel a Suwizalan ya iso can a 1828. A 1854 suka aiko wani saurayi mai suna Hermann Rottmann domin ya riƙe musu kanti kusa da Akra, a 1859 kuma aka mai da cinikin ya zama kamfani mai hannun jari. A zamanin nan barasa da bindiga da albarushi su ne kayan da suka fi kawo riba a bakin teku. Kamfanin nan ya sa doka cewa ba zai taɓa su ba. Aka kuma yanka wa masu hannun jari iyakar ribar da za su ɗauka, kashi mai yawa na sauran ya tafi ga aikin mishan. Shekaru fiye da 50 dokokin nan suna tsaye, ciniki kuwa bai mutu ba saboda su, sai ma ya yaɗu.

A lokacin yaƙin duniya na fari aka raba kamfanin da mishan. A 1918 Turawan Ingila suka ƙwace dukiyarsa ta ƙasar, ba su mayar ba sai 1928. A tsakanin nan, a 1921, masu shi suka kafa wani kamfani, shi ne UTC wanda dattawa suka sani da sayar da motoci da manyan kantuna a Gana da Nijeriya. Ba mu ce ya zama mugu ba. Amma da igiyar da ta ɗaure shi da tushensa ta kwance, sannu a hankali ya zama kamfani kamar sauran kamfanoni. Dokar da aka rubuta ta tsare shi muddar akwai masu riƙe da shi waɗanda dokar ta ke a zuciyarsu.

5. Gidan Cadbury

Duk wanda ya taɓa shan Bournvita ko ya tsotsi TomTom ya san sunan Cadbury, gama an kafa reshensa na Nijeriya a 1965. Asalinsa John Cadbury ne, mai bi daga ƙungiyar da a ke kira Quaker, wanda ya buɗe kanti a birnin Birmingham na Ingila a 1824. Yana sayar da shayi da gahawa da koko, ba kokon gero ba, na 'ya'yan itacen nan da a ke yin cakulan da su, yana fata talakawa su sha waɗannan su bar giya. 'Ya'yansa Richard da George suka karɓi sana'ar a 1861 tana bakin mutuwa. A 1866 suka fito da garin koko tsantsa, a lokacin da aka saba cuɗa shi da garin sitaci. A 1879 suka fitar da masana'antarsu daga hayaƙin birni zuwa karkara, wurin da suka sa wa suna Bournville. Daga baya George ya gina gidaje masu lambu a wurin, a 1900 kuwa ya fitar da garin daga hannunsa da na kamfani, ya mai da shi waƙafi a hannun amintattu.

Duk da haka jarrabawa ta same su. A 1901 labari ya iso musu cewa kokon da su ke saye daga tsibirin Sao Tome, wanda ya ke ƙarƙashin Fotugal, mutanen da aka kamo daga Angola su ke noma shi, a takarda 'yan ƙwadago, a gaskiya bayi. Suka aiki mai bincike a 1905, William Cadbury ya tafi da kansa a 1908, amma ba su daina saye ba sai 1909. Hujjarsu ita ce, in sun ci gaba da saye za su sami bakin yi wa Fotugal magana. Wata jarida ta zarge su da munafunci, suka kai ƙara. Shari'a ta ba su gaskiya, amma diyyar da aka yanka musu rubu'in kwabo ɗaya ce, kuɗi mafi ƙanƙanta a Ingila. Kowa ya gane abin da a ke nufi. Shekara 8 ta yi yawa ga wanda ya ji kukan bawa. Daga nan suka mai da saye ƙasar Gana, inda manoma 'ya'ya su ke noma gonakin kansu.

Ga ƙarshen labarin. A 1962 aka sa hannun jarin kamfanin a kasuwa, kowa ya iya saye. A 1969 ya haɗu da Schweppes. A 2010 kamfanin Kraft na Amurka ya saye shi a kan fam biliyan 11 da rabi, iyalin Cadbury kuwa ba su da ikon hanawa. Akwai wata masana'anta a Somerdale, kusa da Bristol, wadda Cadbury ya riga ya shirya rufewa. Kafin ciniki ya faɗa Kraft ya ce yana tsammani zai iya barinta a buɗe. Da ciniki ya faɗa, bayan kwana kaɗan ya ce ba zai yiwu ba, aka rufe ta a 2011. Amma garin Bournville yana nan a hannun amintattunsa har yau. Abin da George ya yi wa shinge ya tsira, abin da aka bari a hannun kasuwa, kasuwa ta tafi da shi.

6. Shinge shida

Yanzu bari mu koma ga rumbun Dalijan, mu ga irin shingen da ya kamata a yi masa. Da yawa cikin ƙa'idodin nan an gwada su tun 1844, sa'ad da mutum 28 na garin Rochdale a Ingila, da yawansu masaƙa, suka haɗa fam 28 suka buɗe ƙaramin kanti domin su sami abinci marar algus da awo cikakke. Daga gare su ƙungiyoyin gama kai suka yaɗu cikin duniya, har Nijeriya ta yi musu doka a 1935.

Na fari, a rubuta niyya. A faɗi domin wa aka kafa sana'ar, a faɗi kuma abin da ba za a yi ba ko da riba nawa ce, kamar yadda mutanen Basel suka yi. A karanta takardar nan da ƙarfi a gaban kowa sau ɗaya a shekara, domin wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa.

Na biyu, a yanka wa riba iyaka tun ba ta zo ba. A ce kaza na mayar da uwar kuɗi ne, kaza na ajiya domin shekarar fari ko ambaliya, kaza na masu zubi, kaza na gwauraye da marayu. Rabo ya fi sauƙi sa'ad da akwati ba kome, gama in kuɗi ya zo kowa ya kan sami sabon lissafi. Cikin Littafin Firistoci sura 19 an umurci manomi ya bar gefen gonarsa domin matalauci da baƙo. Rabon matalauci an keɓe shi tun kafin a sa lauje.

Na uku, littafi a buɗe, mabuɗi biyu, mudu ɗaya. Kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi gaba ɗaya. Wannan ba zargi ba ne, jinƙai ne ga ma'aji, domin in danginsa sun matsa masa ya sami abin faɗa. Manzo Bulus kansa, sa'ad da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, sai tare da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa. A duba wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 8. Mudun da aka saya da shi kuma, da shi za a sayar.

Na huɗu, mutum ɗaya murya ɗaya. A Rochdale mai zubi da yawa da mai kaɗan daidai su ke wajen yanke shawara. In attajiri ya kawo jari mai yawa, a tambaye shi tukuna abin da ya ke so a bakinsa, gama kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Gara sana'a ta girma a hankali tana hannun masu ita, da ta yi tsalle ta faɗa hannun wanda bai san dalilin kafa ta ba.

Na biyar, kunne a buɗe ga mai kuka, hannu kuma da sauri. Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, sa'ad da aka yi gunaguni cewa ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su yi fushi ba, ba su kuma ce a jira baɗi ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum 7 masu shaidar kirki su lura da aikin. Ka gwada wannan da shekara 8 na gidan Cadbury.

Na shida, a yi renon magada. Wanda ya kafa sana'a ya ga wahalar da ta sa aka kafa ta, ɗansa kuwa rumbu cike kaɗai ya tarar. A riƙa kai samari wurin rabo su ga fuskokin masu karɓa, a ba su ƙaramar amana kafin babba, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

7. Ko riba zunubi ce?

Wani zai ce, in haka ne, bari mu sayar a bakin uwar kuɗi, mu ba kowa bashi, kada riba ta ɓata mu. Wannan ma hanyar mutuwa ce. Bayan yunwar 1973 da ta 1984 an kafa rumbunan hatsi na gari da yawa a Nijar da sauran ƙasashen Sahel. Da yawansu sun mutu cikin shekaru kaɗan. Cin amana ya kashe waɗansu, amma waɗansu tausayi marar lissafi ne ya kashe su: sun sayar da arha har kuɗin bai isa sake cika rumbu ba, sun ba da bashin da kunya ta hana su bi. Rumbun da ya mutu ba ya ciyad da kowa. Riba jaki ce, niyya ita ce kaya. Wanda ya hana jaki ci ba zai kai kasuwa ba, wanda kuwa ya zubar da kaya domin jaki ya yi sauri, me ya kai shi hanya?

8. Kalma ga sabon mai bi

Ya ɗan'uwa, kai da ka shigo tafarkin Almasihu ba da daɗewa ba, ka sani maƙwabtanka suna dubanka. Da yawansu ba za su taɓa zuwa su ji wa'azi ba, amma kowace ranar kasuwa suna ganin mudunka, suna jin ko ka biya ɗan ƙwadago hakkinsa kafin rana ta faɗi. In ka sa sunan taimako a kan sana'arka, sa'an nan ka tauye awo, ba sunanka kaɗai ka ɓata ba. Kada ka dogara ga zafin zuciyarka na yau, gama waɗanda muka ba da labarinsu ba su fi ka mugunta ba, da yawansu ma sun fi mu kirki. Ka roƙi Ubangiji ya tsare zuciyarka, ka kuma tashi ka kafa shinge tun awaki ba su ga shukar ba.

Tambayoyi

1. Cikin misalin rumbun Dalijan, a wace shekara ɓarna ta fara, kuma wace hujja aka kawo?
2. Me Malam Abdullahi na Gwandu ya gani ga abokan tafiyarsa, me kuma ya yi a Kano?
3. In manomi ya ƙi biyan rance alhali yana da hali, wa ya cuta?
4. Don me garin Bournville ya tsira, kamfanin kuwa aka sayar?
5. Cikin shinge shidan nan, wanne ne babu a sana'arka ko a ƙungiyarku? Da wa za ka yi maganarsa cikin makon nan?